Forth da kake tambaya a kai

Ɗana, ka ce kana sha'awar koyon Forth, harshen nan na tsara kwamfuta, amma abokanka sun ce ɓata lokaci ne tunda babu kamfanin da ke neman mai shi. Ta ɓangaren neman aiki suna da gaskiya, da wuya ka ga an yi cigiyar wanda ya iya Forth. Saboda haka kada ka saki C da Python, da su za ka ci abinci. Amma ka koye shi, zai gyara maka hannu.

Charles Moore ne ya ƙirƙiro shi a Amurka wajajen 1970, ya sarrafa na'urar nazarin sararin samaniya ta Kitt Peak a jihar Arizona da shi, a kan kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ƙwarai. Kumbon Philae da ya sauka kan tauraro mai wutsiya a 2014 ma da Forth aka tsara kwamfutarsa.

Komai nasa a kan tari yake gudana, kamar kwanukan da aka ɗora bisa juna, na sama kaɗai hannu ke iya ɗauka. Rubuta 3 4 + . ka gani. 3 ya hau, 4 ya hau kansa, alamar tarawa ta sauke su duka ta ɗora 7, ɗigon ya ɗauke 7 ya nuna a allo. Kuma kai ke ƙera kalmominka, wato umarnin da kake ba kwamfuta. Ka rubuta : MURABBAI DUP * ; daga nan 5 MURABBAI . zai ba ka 25, domin DUP ya kwafi lambar da ke sama, aka ninka ta da kanta.

To ga inda sababbin hannu ke tuntuɓe, ka saurara da kyau. Suna rubuta kalma doguwa, su cika ta da SWAP da ROT da OVER, kalmomin da ke jujjuya abin da ke kan tari, har su manta abin da ke kan tarin. Forth kuwa ba ya ja maka kunne, in ka ɗauko adireshin ƙwaƙwalwar kwamfuta a matsayin lamba, haka zai bi ka har shirin ya rushe. Da ka ga kana juya abu fiye da uku a lokaci guda, tsaya, tsarin ne bai yi ba. Ka datsa kalmar gida biyu ko uku, kowacce layi ɗaya ko biyu, ka gwada ta ita kaɗai, ka duba tarin da .S kafin ka wuce.

Sauke Gforth yau, manhajar da za ka gudanar da Forth a kanta, kyauta ce. Gobe ka zo mini da kalmar da za ta karɓi lambobi biyu ta bar babbar a kan tari, ba tare da ka taɓa MAX ba, kalmar Forth da ke yin wannan aikin.