Furen da ya jure fari amma taya ta kusa gamawa da shi

Tambaya: Malam, na ga hoton wani farin fure a kan tudun yashi a Amurka, aka ce ya taɓa kusan ɓacewa. Tsiron da hamada ba ta kashe ba, me kuma zai kashe shi?

Amsa: Malama, da alama furen kwarin Yureka kike nufi, a jihar Kalifoniya, ɗan dangin da masana ke kira Oenothera. Duk duniya ba ya fitowa ko'ina sai a tuddan yashi na wannan kwari. Babban tudun ya kai kusan mita 200, kuma yashin na shanye ruwan sama ya ɓoye kamar soso. Sama ƙuna, ƙasa danshi.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabararsa. In iska ta binne reshensa, sai reshen ya yi saiwa a cikin yashin, ya fito da sabon ganye ta kai. In fari ya tsananta, ya bushe ƙurmus, saiwar ta kwanta tana jiran ruwa. Furen kuwa sai da magariba yake buɗewa, fari fat, domin wani irin malam-buɗe-littafi mai yawon dare ya gan shi ya ɗauki garin da ke cikin furen ya kai wa wani furen, a samu iri. Da ya fara yaushi sai ya koma ruwan hoda.

To, duk wannan wayo bai tanadi mota ba. Masu tseren motoci da babura a kan yashi suka yi ta bi ta kansa, taya ta murƙushe ganyen, ta tone saiwar. A 1976 aka hana ababen hawa hawa tuddan, a 1978 aka sa shi cikin jerin tsirrai masu fuskantar ɓacewa, sannan a 1994 kwarin ya shiga ƙarƙashin gandun dajin Death Valley da gwamnati ke karewa. Ba shuka shi aka yi ta yi ba, ƙyale shi kawai aka yi ya sha iska. Sai a 2018 aka cire shi daga jerin.

Ni dai wannan cirewa ba ta sa na saki jiki ba. Gidansa guda ne tal, ga wata baƙuwar ƙaya ƴar asalin Rasha ta shigo tana rabon ruwa da shi. Masu gadin gandun ma ba su saki ba, har sulu da katako a kan tudun sun haramta.