Zauren Tambaya: Ina ruwan ikkilisiya da dokar rage hayaƙi?

Tambaya: Mun yi gardama a taron dattawa. Wani ya ce sauyin yanayi alamar ƙarshen zamani ce, kuma Farawa 8:22 ta yi alkawari shuka da girbi ba za su daina ba, saboda haka ba ruwan Kirista da dokokin rage hayaƙi. Wani kuma ya ce yin shiru zunubi ne. Ina gaskiyar take, me kuma ikkilisiyarmu za ta iya yi?
Daga wani dattijon ikkilisiya, Bukuru

Amsa: Baba, barka da ƙoƙari. Wannan gardama ba a Bukuru ta fara ba. A Amurka, shugabannin Ikkilisiyoyin Bishara 86 sun sa hannu a 2006 suna neman a rage hayaƙin kabon, wata ƙungiyar Kiristoci mai suna Cornwall Alliance kuma ta fito a 2009 tana cewa irin waɗannan dokoki za su tsauwala farashin makamashi, talaka ya sha wuya. Wannan hujja tana da nauyi, wanda ya ga yadda kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a 2023 ba zai raina ta ba. Amma hujjar Farawa 8:22 ba ta tsaya da ƙafarta ba. Alkawarin cewa damina za ta zo bai ɗauke wa mutum aikin da aka ba shi a Farawa 2:15 ba, wato ya noma gonar ya kuma kiyaye ta. Zabura 24:1 ta ce duniya ta Ubangiji ce. Mai riƙon amana ba ya cewa tunda mai kaya zai dawo, bari kayan su lalace.

Fafaroma Francis ya goyi bayan dokoki masu ƙarfi a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, sai dai ya yi shakkar cinikin takardun kabon, inda mai kuɗi zai biya wani ya rage hayaƙi shi ya ci gaba da nasa. A ganinmu nan ya kamata dattawa su sa ido, domin Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, amma manomin dankali a Bokkos ne ke fama da rikicewar damina.

Dokar sauyin yanayi ta Najeriya ta 2021 ta ɗora nauyin rage hayaƙi a kan hukumomin gwamnati da ma'aikatu masu zaman kansu da ke da ma'aikata 50 ko fiye. Ƙaramar majami'a ba ta kai wannan adadi ba, asibiti ko babbar makarantar mishan kuwa sai ta ƙirga ma'aikatanta.

Ku fara da janareta. Litar dizal ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kusan 2.3. Idan kuna ƙona lita 10 ta dizal kowace Lahadi, a shekara kun fitar da kimanin kilo 1,400, ban da taron tsakiyar mako. Idan za ku koma sola, a fara lissafa wutar da amsa-kuwwa, kayan kiɗa, fankoki da fitilu ke ja, a ƙara kashi 25 cikin 100 a kai kafin a sayi inbata. Abin da ya fi kashe batir mai ruwa shi ne a riƙa shanye shi ƙasa da rabi, nan da nan sai ya daina riƙe caji. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faifan sola, a wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Kuma Jos garin tsawa ne: ba a kafa sola ba tare da sandar jan ƙarfe a ƙasa da na'urar tare aradu ba, in ba haka ba inbata na iya ƙonewa a damina ɗaya.

Dashen itace kuwa a yi shi a Mayu ko Yuni, ruwa ya zauna. Rami ya kai faɗin kamu biyu da zurfin haka, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a kewaye dashen saboda awaki. A nisanta bishiyar turare da rijiya da gona domin shan ruwanta ya yi yawa. Mangwaro ko fiya sun fi, kuma a rubuta sunan wanda zai ba kowane dashe ruwa daga Nuwamba zuwa Maris, ko daga zumuntar mata ko daga matasa.