Amsa ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Karatu Japan

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, inda ka ce ka samu gurbin karatu a Japan amma hankalin Hajiya bai kwanta ba, domin an gaya mata mutanen nan rana suke bauta wa, shi ya sa kake son sanin wa suka ɗauka mahalicci, da kuma ko za a tilasta maka shiga ibadarsu. Shekarata shida ke nan a birnin Kobe na Japan.

Ka fara da kalmar kami, wadda Shinto, addinin gargajiyar Japan, ya ginu a kanta, kuma kada ka fassara ta da Allah. Kami ana haifarsu, suna aure, suna fushi, wasunsu ma suna mutuwa, kuma ana danganta su da duwatsu da koguna da tsofaffin itatuwa. Idan ka ji an ce su miliyan takwas ne, ana nufin ba su ƙidayuwa. A ganina sun fi kama da abin da muke kira iskoki.

Labarin halittar yana cikin Kojiki, littafin da aka kammala a 712, sai Nihon Shoki na 720. Kojiki ya ambaci kami uku da suka fara bayyana, na farkonsu Ame-no-Minakanushi, amma nan take suka ɓoye kansu, labarin ya koma kan wasu ma'aurata, Izanagi da Izanami. Su biyun suka tsaya a kan gadar sama, suka dama teku da wani mashi, ruwan gishirin da ya ɗiga daga tsininsa ya daskare ya zama tsibirin Onogoro. A can suka sauka, Izanami ta haifi tsibiran Japan, ɗan farinsu Awaji, wanda daga Kobe gada ɗaya za ka tsallaka ka isa. Ka lura cewa tekun yana nan tun kafin su taɓa shi, wato haihuwa suka yi, ba su halitta daga babu ba.

Wajen haihuwar kami na wuta Izanami ta ƙone ta mutu, mijin ya bi ta Yomi, ƙasar matattu. Ta hana shi kallonta, shi kuwa ya karya haƙorin matajin kansa ya kunna, sai ya ga jikinta ya ruɓe, ya arce, ya toshe hanya da ƙaton dutse. Daga bayan dutsen ta rantse za ta riƙa kashe mutum 1,000 kullum, ya ce shi kuma zai sa a haifi 1,500. Da ya shiga kogi ya wanke ƙazantar mutuwa, Amaterasu, kami ta rana, ta fito daga idonsa na hagu. Ita ce gidan sarautar Japan ke jingina asalinsa gare ta, kuma daga nan maganar da aka gaya wa Hajiya ta samo tushe.

Wancan wankan za ka ga ragowarsa a galibin wuraren ibadarsu, inda akwai kwamin ruwa da ludayi mai dogon hannu, mutum ya wanke hannun hagu, ya wanke na dama, ya kurkure baki. A sabuwar shekarata ta farko abokan karatu suka ja ni zuwa Ikuta, wani wurin ibadar Shinto da ke Kobe, suka jefa sulallan yen biyar a akwati, suka rusuna sau biyu, suka tafa sau biyu, suka sake rusunawa. Ni na tsaya gefe riƙe da jakunkunansu, babu wanda ya tambaye ni dalili. Da na tambayi ɗayansu ko ya yarda Izanami ce ta haifi Awaji, dariya ya yi, ya ce shi dai nasarar jarrabawa ya zo roƙo.

Batun tilas kuwa babu shi, domin tsarin mulkin da ya fara aiki a 1947 ya raba gwamnati da addini, ya kuma hana a tilasta wa kowa shiga wata ibada. Idan aka miƙa maka omamori, layar da suke sayarwa, ka yi godiya ka ce addininka bai yarda ba. Ka gaya wa Hajiya masallacin Kobe tun 1935 yake tsaye, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa daga Ikuta, kuma a can nake sallar Juma'a.