Amsa Ga Ƙanena Kan Gajerun Kalmomin Sojan Amurka

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa ka samu gurbin karatu a nan Norfolk ta jihar Bajiniya. Ka ce tsohon sojan da za ka kama ɗaki a gidansa yana rubuto maka saƙonni cike da baƙaƙe irin su ASAP, PCS da SNAFU, kana son sanin asalinsu, da kuma ko ya dace kai ma ka riƙa furta su idan ka iso. Tambayar ta dace da garin da za ka zo, domin sansanin sojan ruwa mafi girma a duniya a nan yake, kuma da wuya ka shiga aji ko kanti ba ka haɗu da soja, ko iyalin soja, ko wanda ya tuɓe kaki ba.

Waɗannan baƙaƙe iri biyu ne, kuma wanda bai rarrabe su ba shi ne yake jin kunya a bainar jama'a. Akwai waɗanda hukumar soja ta ƙirƙira domin takardu da oda, tun zamanin da ake aika saƙo ta wayar tangaraho, lokacin da kowace kalma take cin lokaci da kuɗi. Akwai kuma waɗanda ƙananan sojoji suka ƙirƙira domin su yi wa hukumar ba'a. A Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa fiye da miliyan 16 suka sa kaki, da yawansu matasa ne da aka ɗebo daga gonaki da masana'antu, sai suka tarar da ofisoshin da suke taƙaita sunan komai, amma suke aika kaya inda ba a bukata, su bar inda ake jira. Matasan nan suka ɗauki salon manyansu suka mayar musu da martani da shi.

A nan aka haifi SNAFU, wajen 1941, ma'anarta kuwa ita ce al'amura suna nan yadda aka saba, wato komai a dagule. 'Yar'uwarta FUBAR ta fi ta zafi, don tana nufin abu ya lalace har ba a iya gane shi. Maimakon hukuma ta yi fushi, sai ta sa aka yi wa sojoji finafinan zane tsakanin 1943 da 1945, inda wani wawan soja mai suna Snafu yake aikata duk abin da aka hana, domin a koya wa sababbin shiga darasi cikin dariya. Abin da ƙamus ba ya cika fito maka da shi fili shi ne, harafin F da ke cikin kalmomin biyu ashar ne, ko da yake an samo masa fassara mai tsabta saboda jaridu. SNAFU ta yi laushi da tsufa, har za ka gan ta a kanun labarai idan jirage sun makara, amma FUBAR ba ta yi ba, kuma ba na so ta fita daga bakinka a gaban malami ko dattijo.

GI tana da tarihi mai ban sha'awa. Da farko alama ce ta ƙarfen da aka shafe don kada ya yi tsatsa, wanda ake yin bokiti da kwandon shara na bariki da shi, daga baya aka fassara ta da kayan gwamnati, sai sojoji suka kira kansu da ita, tun da a ganinsu su ma kayan gwamnati ne. Daga nan dokar da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a 1944 ta samu laƙabin GI Bill, wadda ta biya wa tsofaffin sojoji kusan miliyan 8 kuɗin karatu da koyon sana'a. Sabon salonta yana aiki har yau, shi ya sa za ka ga magidanta masu furfura a ajinku.

ASAP ba ta da wata illa, tana nufin da gaggawa, kuma ta daɗe da zama ta kowa. AWOL kuwa farar hula suna faɗarta da wasa idan aboki ya ɓace daga gani, amma ga soja laifi ne a ƙarƙashin sashi na 86 na dokar shari'ar soja, wato barin wurin aiki ba da izini ba. Sojan ruwa da suka cika garin nan UA suke cewa.

Abin da na fi so ka haddace tun kafin ka taso shi ne jerin Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu, inda kowace kalma take tsaya wa harafinta na farko, wanda ƙungiyar NATO da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya suka daidaita a 1956 domin kada a rikita baƙaƙe a rediyo. Sunayenmu suna ba mutanen nan wahala a waya, kuma da wannan jeri za ka karanta wa banki ko asibiti sunanka ba tare da an mayar da B ta zama D ba. Sai dai shi ma sojoji sun ɓoye abubuwa a cikinsa. Bravo Zulu yabo ne na sojan ruwa ga wanda ya yi aiki mai kyau, amma Charlie Foxtrot da Whiskey Tango Foxtrot ashar ne da aka sa wa riga.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu gaba ɗaya. Rundunar da Lugard ya kafa a 1897 da baƙaƙen WAFF aka san ta, kuma har yau mutanen Kaduna suna cewa titin Waff duk da an canza masa suna, kamar yadda saja, kofur da samanja suka fito daga bariki suka zauna a bakin kowa.

A ganina, ka fahimci dukkansu, amma ka taƙaita furta su ga waɗanda suka riga suka zama na farar hula, domin tsofaffin sojoji ba sa jin daɗin wanda bai taɓa yin fareti ba yana kwaikwayon maganarsu.

Saura PCS, wadda ita ce ta fi shafar aljihunka. Tana nufin odar sauya wa soja wurin aiki na dindindin, kuma mai yiwuwa ita ce ta sa ɗakin da za ka shiga ya zama babu kowa. Wata dokar tarayya ta 2003 ta ba soja damar warware yarjejeniyar haya idan irin wannan oda ta zo masa, saboda haka idan za ka haɗa gida da sojan da yake bakin aiki, ka tambayi mai gidan a rubuce, kafin ka sa hannu, wa zai biya kason abokin zamanka ranar da aka tashe shi.