Amsa ga ƙanwarmu da ƙwaurin rago ya ƙi yi wa laushi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwarmu da ta rubuto daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta ce ta sayi ƙwaurin rago biyu, ta tafasa su kusan minti 40 a kan gas da wuta mai ƙarfi sannan ta soya, amma naman ya fito da tauri har yara suka kasa ci. Tana tambaya ko ta riƙa jefa kanwa a tukunya, kamar yadda maƙwabciyarta ta ba ta shawara. Na daɗe ina dafa wannan nama, a gida da kuma wajen biki da suna, saboda haka ga abin da na sani.

Ƙanwata, naman da kika saya ba shi da laifi, lokacin da kika ba shi ne bai kai ba. Ƙwauri yana ƙasa da cinya, sama da ƙafar da ake farfesu da ita, kuma da shi dabbar take tafiya tun tana ƙarama, balle ragunanmu irin uda da balami waɗanda suke wuni suna bin makiyayi a daji. Shi ya sa jijiya ta yi masa yawa. Wuta mai ƙarfi ƙara ɗaure jijiyar take yi, naman ya tsuke ya fitar da ruwan jikinsa. Amma idan ya jima yana dahuwa a hankali, jijiyar nan narkewa take yi ta shiga romo, ta ba shi kauri da danƙon da ba a samu a naman cinya, kuma wannan romon ne dalilin da ya sa nake fifita ƙwauri a kan tsoka zalla. Yana buƙatar awa biyu da rabi zuwa uku, na tsohon rago ma yakan haura haka. Mai tukunyar matse tururi, wato kokot-minit, minti 45 zuwa awa ɗaya sun ishe ta. 'Yan'uwanmu na Ngaundare su ɗan ƙara lokaci, domin garin yana kan tudu da ya haura mita 1,000, ruwa kuma yakan tafasa a can kafin ya kai zafin da yake kaiwa a Garwa.

Aikin yana farawa tun daga teburin mahauci. Ki roƙe shi kada ya daddatsa ƙashin da gatari, domin ɓarɓashin ƙashi yana ɓuya a cikin miya, kuma hatsari ne ga yara da tsofaffi. Ya bar shi sukutum, ko ya raba shi biyu da sara ɗaya, don ɓargon ya zauna a ciki. Idan yankan ranar ne, ki bar shi ya kwana a firji, saboda nama yakan sandare 'yan awanni bayan yanka, sai daga baya ya saki. Da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, kada ki yi gangancin barinsa a waje.

Ni dai nakan tsane shi, in shafa gishiri, in soya shi sama-sama a man gyaɗa ko man auduga irin na Diamaor har ya yi ja ta kowane gefe, sannan in kwashe. A cikin man nake soya manyan albasa uku har su yi laushi, kuma tun da Allah ya wadata yankinmu da albasa, babu dalilin yin rowarta. Sai tafarnuwa, citta, masoro, kimba guda ɗaya da ɗan daddawa. Kanumfari uku ko huɗu sun isa, idan ya wuce haka yakan danne ƙanshin naman. Sai in mayar da ƙwaurin, in zuba ruwan zafi ya kusa shan kansa, in rufe, in rage wuta yadda romon zai riƙa motsi kaɗan kawai. A nan gawayi ya fi gas, domin yana riƙe zafi mai laushi na tsawon lokaci. Idan ruwa ya ja, ki ƙara mai zafi. Za ki san ya nuna idan naman ya janye daga bakin ƙashi, cokali kuma ya shige shi ba tare da kin danna ba.

Game da kanwa, gaskiya ne tana laushi da abinci, kuma iyayenmu sun daɗe suna amfani da wadda ake kawowa daga Kanem ta ƙasar Chadi wajen dafa wake da ƙafar sa. Sai dai ban yarda da ita a kan ƙwaurin rago ba. Tana sa bayan naman ya saɓule alhali cikin bai nuna ba, tana duhunta romo, idan ta ɗan yi yawa kuma sai ta bar ɗanɗanon sabulu a baki.

Idan miyar yakuwa da gyaɗa za ki yi, wadda ta dace ƙwarai da tuwon masakuwa, ki bari sai naman ya nuna sannan ki zuba yakuwar, domin rabin awa ya ishe ta. Kuɓewa ɗanya kuwa minti goma na ƙarshe. Ki kwashe kitsen da ya taso sama, kuma idan romon ya kwana a firji kika tarar ya daskare, ba lalacewa ya yi ba, jijiyar da ta narke ce.

Wanda ya yi miki taurin, in har a firji kika ajiye shi kuma bai daɗe a ciki ba, bai ɓaci ba. Ki mayar da shi tukunya da ruwan zafi da albasa, ki ba shi awa ɗaya da rabi zuwa biyu a kan ƙaramar wuta, in sha Allahu zai saki.