An ce in biya kuɗi a tura ɗana rumbun makamai

Tambaya daga wata uwa a Mabera, Sakkwato: "Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare, shekararsa 19, ya kafe sai aikin soja. Ni kuwa daji nake tsoro, ga labaran da muke ji daga Isa da Sabon Birni. Wani mutum ya ce in kawo naira dubu 300 ya samo masa gurbi, ya kuma sa a kai shi sashen ajiyar makamai, wai can ba a zuwa fagen daga. In sayar da tumakina in ba shi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sayar da ko tunkiya guda. Neman shiga soja kyauta ne, a shafin intanet na rundunar ake cike takarda. Abin da ake nema sananne ne: shekara 18 zuwa 22, sakamakon sakandare da ya nuna an ci darasi huɗu har da Turanci a zaman da bai wuce biyu ba, tsawon mita 1.68 ga namiji, da lambar NIN. In an tantance shi, makarantar kurata zai tafi, irin ta Zariya da aka kafa tun 1924, ya yi wajen wata shida. Sai bayan nan rundunar ke raba su sashe-sashe gwargwadon buƙatarta. Mutumin nan yana sayar miki da abin da ba ya hannunsa.

Amma batun "can ba haɗari" shi ya fi damuna, don na san soyayyar uwa ce ta kawo ki. Sashen ajiyar makamai da sojoji ke kira Odinans, mai makaranta a Ojo ta Legas, ba maɓoya ba ce. Harsashi ba ya kai kansa daji. Inda mayaƙa suka nufa, masu kayan na biye da su. Rumbun shi kansa kwana da wuta ne. Mai shiga yakan bar ashana da taba da waya a ƙofa. Akwatuna na jere bisa katako don kada su taɓa ƙasa, kowanne da lambar rukunin da aka ƙera shi, na dā ake fara fitarwa kafin sabo. Abin da ke tayar da bam ba ya kwana ɗaki ɗaya da bam ɗin. Ga ma'aunin zafi a bango ana dubawa ana rubutawa, domin zafi na tsufar da albarushi, laima kuma na sa tsatsa. Ke da kanki kin san ranar Sakkwato a Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 kuma ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa. To, a irin wannan yanayin ake tsaron kayan.

Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 gobara ta kai ga ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja. Sama da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu a magudanar ruwan Oke-Afa suka nitse wajen gudu, da yawa yara ne. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba, sai don ki ga nauyin da ke wuyan mai riƙe da makullin.

Don haka ki dubi halin yaron. Shin in kin aike shi kasuwa yana dawo da canji cif? Yana iya ƙirga abu sau uku bai ƙosa ba? Aikin na mai haƙuri ne da amana, domin harsashi ɗaya da ya sulale daga rumbu, Allah kaɗai ya san ƙauyen da zai sa kuka. In haka ɗanki yake, ki sa masa albarka ya nema ta ƙofar gaba. Mai neman kuɗin kuwa, a kai rahotonsa ga 'yan sanda ko hedikwatar Runduna ta 8 da ke nan Sakkwato.

Tambaya daga wani matashi a Arkilla: "Ina da ƙaramar difloma a fannin lantarki, shekarata 24. Gyaran makamai nake sha'awa. In shiga kurtu yanzu, ko in ƙarasa babbar difloma in nemi hafsa?"

Ƙanena, yi lissafi da yatsa. Masu sana'ar hannu ana ɗaukarsu kurtu har shekara 26. Babbar difloma shekara biyu ce, hidimar ƙasa shekara guda, ka kai 27 ke nan, ƙofar kurtu ta rufe. Sauran ta hafsa ta gajeren zango, wadda guraben ba su da yawa, masu nema kuwa tuli. In gida na iya ɗaukar nauyin karatun, ni dai na fi so ka ƙarasa, don takardar za ta yi maka amfani ko ba kaki. Akwai ma masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna, da ke aiki tun 1964. Amma in hannunka ne ke ƙaiƙayin kwancewa da ɗaurawa, ka sani ƙaramin soja ne ya fi taɓa kayan, hafsa sa ido da sa hannu a takarda suka fi yi masa yawa.

Wani kuma daga Runjin Sambo ya tambaya ko ya sayi kaki da takalmin soja tun yanzu.

A'a. Rundunar ce ke ba da su, kuma farar hula ya sa kakin soja laifi ne. Ka sayi kambas mai kyau da abin da takardar gayyata ta lissafa kawai, ka fara gudu bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga.