Ɗari Mafi Kusa

Tambaya: Malam, ɗana zai zauna jarrabawar shiga sakandare. An ce ya kai 4,762 zuwa ɗari mafi kusa, ya rubuta 4,700. Ina matsalar? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Hajiya, yankewa ya yi kawai. Ki sa shi ya ja layi ƙarƙashin gurbin ɗaruruwa, wato 7, sannan ya leƙa maƙwabcinsa na dama. In maƙwabcin ya kai 5, a ƙara wa 7 ɗin ɗaya. In bai kai ba, a bar 7 ɗin yadda yake. Ko ta yaya, lambobin da ke damansa su koma sifili. Nan 6 ne, amsa 4,800.

Wadda ke kayar da ɗalibaina ita ce 3,950. Maƙwabcin tara 5 ne, sai tara ta zama goma, ɗaya ya haura gurbin dubbai: 4,000. Masu shirya jarrabawa na son irinta, ki yawaita masa.